Yadda ake hawan babur a hunturun Sakkwato

Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu kaɗai, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da wuya ya yarda ana rawar ɗari a garin. Amma daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan juyo daga arewa maso gabas, busasshiya ƙayau, ɗauke da ƙurar Sahara wadda da yawanta daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Da asuba a Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko wajen digiri 15, wasu ranaku ƙasa da haka, musamman a fadamar gulbin Rima. Mai tafiya a ƙasa zai jure wannan da rigar sanyi ɗaya. Mai babur kuwa lissafinsa daban ne, don gudun da yake yi shi ma iska ne: idan gari yana digiri 10 kana gudun kilomita 60 a awa, abin da fatarka ke ji bai wuce digiri 5 ba.

Sanyi shi kansa ba ya kayar da mutum. Yatsu yake sandararwa har su yi nauyin kama birki, ya sa a naɗe kunne da rawani a daina jin hon, ya sa ido hawaye, sannan ya cusa wa mutum gaggawar isa inda za shi. Waɗannan su ke kai mutum ƙasa, kuma kowannensu yana da magani.

Tun da dare, duba babur

Shigar da babur zaure ko rumfa idan da hali. In babu, rufe shi da tsohon bargo ko tamfol, ka juya gabansa ga bango don kada ƙura ta kwana tana shiga cikinsa.

Fara da matatar iska, domin ita ce ta fi shan wahala a wannan lokaci. Buɗe murfinta ka gani. Idan ta soso ce, a wanke ta da kananzir ko ruwan sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse kafin a mayar. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, kaɗe ta ake yi, in ta toshe a sake sabuwa. Matatar da ta cika da ƙura tana shaƙe inji: babur ya rinƙa shan mai fiye da ƙima, fulogi ya yi baƙi, a wayi gari yana gardamar tashi. Akwai masu cire ta gaba ɗaya wai don inji ya sha iska. Wannan ganganci ne, ƙurar za ta wuce kai tsaye cikin silinda ta cinye ringi, kafin damina ka fara ganin hayaƙi a salansa. Mai kabu-kabu da ke wuni a titi ya dace ya duba matatarsa kowane mako.

Sarƙa ita ma tana son kulawa. Mai da ƙura in suka haɗu a jikinta sai su zama abin da ke goge haƙoran sifoket. Wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, sa mai kaɗan, goge wanda ya yi yawa. Yawancin baburan da ake hawa a nan, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, suna zuwa da murfin sarƙa. Kada a cire shi don kwalliya.

Iskar taya tana raguwa da sanyi, kusan psi 1 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a duk saukar digiri 5 zuwa 6. Saboda haka da safe ake aunawa kafin taya ta yi ɗumi, kuma da geji wajen mai faci, ba da dannawar yatsa ba. Adadin da ya dace yana cikin littafin babur, wasu kuma a manne yake a jikinsa.

Sauran kuwa ba su da tsawo. Idan lokacin juye ya yi, yi juye, don tsohon baƙin mai yana daɗa kauri da sanyi. Batirin da ya fara rauni a hunturu yake tona kansa, don haka a share bakinsa a ɗaure shi tamau, a kuma tabbata kik yana aiki. Kunna fitilar gaba, ta baya, ta birki da sigina ɗaya bayan ɗaya ka gani da idonka. Wayar kuloci da ta birki in sun yi tauri a ɗiga musu mai.

Shigar jiki

A nan mutane suka fi yin kuskure, don suna neman kauri alhali abin da ya kamata su nema shi ne abin da zai tare iska. Suwaita mai kauri ta saƙa tana da daɗi a zaune bakin shago, amma a kan babur iska ratsa ta take yi kamar rariya. Riguna uku marasa nauyi sun fi ta amfani. Ta ciki mai kama jiki, mai dogon hannu. Ta tsakiya suwaita ko rigar ulu, wadda ke riƙe ɗumi. Ta waje kuma jaket ɗin da iska ba ta shigarsa, na fata ko na leda, mai zif har wuya. A gwanjo ana samun su duka, sai dai duba zif da bakin hannu kafin ka biya. Bakin hannun da ke buɗe ƙofa ce: iska ta shiga ta nan, ta kumbura rigar, ta kwashe ɗumin jiki ta fita ta wuya.

Wata fa'idar riguna uku ita ce Sakkwato ba ta wuni cikin sanyi. Da hantsi ya ɗaga, zuwa azahar, gari kan kai digiri 30 ko fiye. Wanda ya sa ƙatuwar riga ɗaya zai yi gumi, gumin ya jiƙa ta ciki, da magariba iska ta same shi a jiƙe. Mai uku sai ya cire ta tsakiya ya ɗaure a bayan babur, ya mayar da yamma.

Idan tafiya ta kama ka babu jaket, akwai tsohuwar dabarar masu babur: shimfiɗa kwali ko jarida ninki biyu a ƙirji, tsakanin riga da riga. Ba ta da kyan gani, amma tana tare iska sosai.

Babbar riga da jallabiya ba kayan hawan babur ba ne a wannan lokaci. In dole ne, kamar ranar Juma'a ko ɗaurin aure, a tattare su a zauna a kai, ko a ninke babbar rigar a jaka a sa in an isa. Ƙafa kuma a sa mata dogon wando biyu, don gwiwa ita ke gaba tana karɓar iska. Silifas a bar shi a gida. Takalmi sau-ciki da safa, wanda ya rufe idon sawu in akwai. Ƙafar da ta yi sanyi ba ta jin birkin baya yadda ya kamata, kuma diddigen da ya yi faso ba ya son a dafa ƙasa da shi da ƙarfi.

Hannu ya fi komai muhimmanci, don shi ke riƙe da totur, kuloci da birkin gaba. Safar hannu ta ulu zalla tana zamewa a kan roba, iska kuma tana ratsa ta. A nemi ta fata ko mai roba a tafi, doguwa da za ta hau kan bakin hannun jaket. Gwada ta kafin saye: dunƙule hannu, buɗe, yi kamar kana jan birki da yatsu biyu. In ta matse, jini ba zai gudana ba, hannu zai fi saurin sandarewa. In ta yi kauri har ba ka jin maɓallin hon, ita ma ba ta yi ba. Kafin a sa ta a shafa man kaɗanya ko basilin a bayan hannu da tsakanin yatsu, ban da tafin hannu. Haka ma leɓe da gefen hanci.

Kai, ido da hanci

Tun ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, kuma kowa ya san yadda dokar ta kasance a titunanmu. Ni dai a ganina hunturu ne lokacin da ko mai gardama ya kamata ya saye ta, don hujjar zafi ta faɗi. Hula mai rufe fuska duka, mai gilashi, tana tare iska daga kunne, goshi da haɓa fiye da kowane rawani, ga shi kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna sa ta daidai yana rage haɗarin raunin kai da kashi 69 cikin 100. Daidai ɗin nan yana nufin a ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa. Wadda aka ɗora a ka kawai ita ke fara barin mutum in an faɗi. Hular 'yan gini kuma ba ta cikin lissafi.

Kada a cusa hular sanyi mai kauri a ƙarƙashinta. A sa siririya, a rufe wuya da gajeren mayafi, a tura bakinsa cikin jaket. Mai rawani ya kula da jelarsa: jelar da ke kaɗawa a baya tana iya faɗawa cikin taya ko sarƙa, abin da zai biyo baya kuwa a wuya zai ƙare. Kuma kada naɗin ya toshe kunne ko ya hana waiwaye.

Takunkumi a hanci yana rage ƙurar da ake shaƙa, mai asma kuwa ya tafi da abin shaƙarsa a aljihu. Matsalar takunkumi ita ce numfashi yana hawa sama ya rufe gilashi da tururi. Matse ƙarfen da ke kan karan hanci, ɗaga gilashin kamar faɗin yatsa in ka tsaya. Ɗigon sabulun ruwa da aka shafa a cikin gilashin aka goge shi da tsumma mai laushi shi ma yana taimakawa. Wajen gilashin kuma ba a share shi a bushe, ƙurar nan tana karce roba, kuma karcen ne ke watsa hasken mota a idonka da dare. Zuba ruwa tukuna, sannan ka goge. Baƙin gilashi na rana ne kawai.

Tayar da inji

Fitar da babur waje kafin ka tayar. Hayaƙin inji a rufaffen zaure yana tara gubar da ba a ganinta, ba a jin warinta, kuma a hunturu ne ake rufe ƙofofi da tagogi.

Buɗe mai, ja cok. Da sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa inji ke son a ƙara masa mai a rage iska, aikin da cok ke yi ke nan. Kafin ka murɗa makulli, taka kik a hankali sau biyu ko uku don inji ya saki. Sannan kunna, taka da ƙarfi, kada ka murɗa totur. Idan da sitata kake tayarwa, kada ka danne ta fiye da daƙiƙa 5. Saki, jira kaɗan, sake. Da ya tashi bar shi yana aiki a hankali minti 1 zuwa 2, ka mayar da cok. Wanda ya manta cok a jawe zai ƙona mai a banza ya kuma baƙanta fulogi. Masu tayar da babur su yi ta ba shi wuta har unguwa ta farka suna cutar injinsu ne, don a lokacin baƙin mai bai gama zagayawa ba. Sauran ɗumin a kan hanya zai yi shi: kilomita biyu na farko a tafi sannu, a gwada birki biyun tun kafin a fita babban titi.

A cikin hazo

Ranar da hazo ya sauka sosai, irin wanda ke hana jirgi sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III, mai babur shi ne ƙaramin abu a titi kuma shi ne na ƙarshe da direba zai hango. Kunna fitila ko da rana ne, a ƙaramin haske. Babban haske yana bugun ƙurar ya dawo maka a ido. Jaket mai haske ko rigar nan mai ƙyalli a sama yana sa a gan ka. Baƙi da ruwan ƙasa kuwa ɓacewa suke yi cikin hazo.

Ƙa'idar gudu ɗaya ce: kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa cikin tazarar da idonka ke gani ba. A kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta ba babur, kana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa. Ga yadda ake auna tazara: motar gabanka ta wuce wata alama, turken lantarki ko bishiya, sai ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a natse. In ka iso alamar kafin ka gama, ka matsa da yawa. Akwai masu laɓewa bayan tirelar siminti don ta tare musu iska. Direban ba ya ganinka a madubi, ramin da tayarsa ta tsallake kai ba za ka gan shi ba sai ka faɗa, ga ƙurar da yake tayarwa duk a fuskarka.

San inda iskar ta fito. Mai zuwa Achida, Wurno ko Goronyo da safe gaba da gaba yake da ita, zai fi jin ɗari, babur zai fi shan mai. Mai zuwa Bodinga ko Tambuwal tana bayansa, tafiya ta yi daɗi har ya zarce gudu bai sani ba. Inda ta fi haɗari shi ne inda take bugowa ta gefe a fili, kamar kan gadar Kwalkwalawa a hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda sanyin fadama ma ya fi na cikin gari. A irin wurin nan matse tanki da gwiwa, saki kafaɗa, kada ka ƙanƙame kan babur, ka ɗan karkata wajen iskar. In babbar mota ta taho ta gabanka, matsa gefenka tun da wuri ka shirya wa bugun iskar da ke biyo ta.

Iskar nan tana kwaso yashi ta zuba a bakin kwalta, a kwana da shataletale. Rage gudu kafin ka shiga, babur yana tsaye sak. Cikin yashi kada ka damƙi birkin gaba, kada ka kwantar da babur. Riƙe totur daidai ka wuce, in dole ne ka taɓa na baya a hankali.

Lokacin kuma na kaka ne da noman rani. Amalanken shanu da jakuna masu kayan albasa suna fita tun duhun asuba, babu fitila babu komai, raƙuma ma haka a hanyoyin kasuwannin ƙauye. Garken shanu kan tsallaka hanya cikin ƙurar da shi ya tayar. A cikin gari mutane na zagaye da wuta suna jin ɗumi dab da titi, yara masu zuwa makaranta sun rufe kai da kunne, ba za su ji ka ba. Yi hon tun daga nesa, amma ka ɗauka ba a ji ba. In ka tarar da hayaƙin ƙonar daji ya rufe hanya, tsaya can gefe ya wuce.

Idan da fasinja

Dube shi kafin ka ja. Hijabi, zane, mayafi da bargon da aka yafa duk suna iya shiga tayar baya. Ba rashin kunya ba ne ka ce, "Hajiya, ki tattara hijabinki kar shi shiga taya," ko "Baba, a kama bakin rigar nan." Fasinjan da ya cusa hannu biyu cikin aljihu saboda ɗari ba ya riƙe da komai, birki ɗaya zai watso shi bayanka; ce masa ya fitar da ko da ɗaya ya kama ƙarfe. Yaro kuma ba a ɗora shi kan tanki da sassafe. Shi zai sha iskar duka, jikinsa kuma ya fi na babba saurin rasa ɗumi. A sa shi tsakiya, a rufe masa kai da ƙirji.

Tafiya mai nisa

In ba dole ba, kada ka fita bayan sallar asuba kai tsaye, don lokacin ne sanyi ya fi tsanani. Bari rana ta ɗaga. Tafiyar Illela, ta Kware da Gwadabawa, ta haura kilomita 80, kuma wanda ya tashi ƙarfe 9 zai isa da sauran ƙarfinsa fiye da wanda ya tashi ƙarfe 6. Ci wani abu mai zafi kafin ka hau, koko da ƙosai ko kunu, don jiki da abinci yake yin ɗumi. Ɗauki gorar ruwa. A hunturu ba a jin ƙishirwa, amma busasshiyar iskar tana zuƙe ruwan jiki, sai ciwon kai da kasala su biyo baya.

Tsaya duk bayan minti 30 zuwa 40. Sauka, taka ƙasa, kaɗa hannu, cusa su a hammata. Ana iya kusantar da su jikin inji da safa a hannu, ban da salansa, don hannun da ya sandare ba ya jin ƙuna sai ta gama yi. Ga gwaji mai sauƙi: taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, da sauri. In abin ya gagara, hannun nan ba zai ja birki a kan lokaci ba. In kuma ka ga kana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, ko ka wuce kwanar da ka saba ba ka lura ba, ko ka manta sigina a kunne, sanyi ya fara taɓa tunani. Nemi mai shayi ka zauna sai jiki ya dawo.

Mura tana yawa a wannan lokaci, wasu magungunanta kuma, irin su Piriton da wasu na tari, suna sa barci. A sha su da dare bayan an ajiye babur. Ƙwayoyin da wasu ke sha wai don kada su ji sanyi suna ɗauke jin sanyin ne kawai, jiki na ci gaba da sandarewa, hankali kuma ya ragu. Ajiye lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra a waya, wayar kuma a aljihun ciki, don batirinta ma sanyi na rage masa ƙarfi.

Bayan an dawo

Yi ƙoƙari ka shigo gari kafin magariba, lokacin da hazo, hayaƙin girki da fitilun motoci ke haɗuwa gani ya ragu. Bari inji ya huce kafin ka rufe babur, kada tamfol ya manne a salansa. Wanke fuska da ido da ruwa mai ɗumi, kada ka murje idon da ƙura ta shiga. Shanya safar hannu da rigar ciki su bushe kafin safiya, rufe makunnin mai, ka goge fitilun gaba da baya da jiƙaƙƙen tsumma.